Baba Sauƙi Ya Ƙara Kuɗin Ƙwai

Shagona da na Baba Sauƙi suna kallon juna, titi ne kawai a tsakani, kuma dukkanmu ƙwai muke sayarwa. Duk wanda ya taɓa kasuwanci ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarata ta farko a layin nan, in na buɗe ƙofa da safe na hango shi yana share gaban shagonsa, sai raina ya ɓaci tun ban karya ba. Yau kuwa, in ka cire iyayena, babu wanda nake yi wa addu'a kamarsa. Ina so in faɗi abin da ya faru tun yana da ransa, ko da yake na san in ya ji zai ce bakina ba ya gajiya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayansa ya ɗan ranƙwafa irin na wanda ya daɗe yana ɗaukar kaya. Hannayensa manya ne, duk kanta, amma in ya ɗauki ƙwai sai ka ce jariri aka miƙa masa. Shagon ɗaki ɗaya ne, kiret a kan kiret har kusa da rufi, sai benci a bakin ƙofa da ƙwan lantarki guda a kusurwa wanda ba ya kashewa ko da rana. Duk ƙwan da bai yarda da shi ba sai ya kara shi da hasken, ya kanne ido ɗaya, ya juya shi a hankali. Wanda ya tsage ya ware a roba, wata mai gasa kek ta zo ta kwashe a rabin kuɗi. Wanda ya lalace kuwa da hannunsa yake fasa shi a kwata, don kada wani ya tsinta ya sayar wa mutane.

Labarin farkonsa daga bakin matarsa na ji, wadda duk layin ke kira Mama. Yana saurayi a wata gonar kaji ya yi aiki, yana kwasar kashi yana lodin ƙwai. Wata shekara cuta ta shiga kaji, gonaki suka yi ta mutuwa, ta ubangidansa ce kaɗai ta tsira a yankin. Ubangidan ya ninka kuɗin ƙwai, ya sake ninkawa, ya sayi mota, ya ɗora bene. Su kuwa da suka yi ta wanke akurki suna feshi har fatar hannunsu ta saɓule, ko sisi ba a ƙara musu ba. Abin ya tsaya wa Baba a rai. Ya bar aikin, ya sayi tsohon keke, ya fara zagaya unguwanni da 'yan kiret ɗinsa a ɗaure a baya.

Tun a kan keken nan ya yi wa kansa doka. A kowane kiret, kuɗin ƙwai uku ne ribarsa: ɗaya na gida, ɗaya na shago saboda fashewa da lalacewa, ɗaya na wanda ya yi dako. Ko ƙwai ya yi yawa, ko ya yi wuya har ana rububi, uku ne ba ya ƙarawa. Dogo, mai tura masa kura, wanda ya daɗe tare da shi har furfura ta fara leƙo masa, shi ke ɗaukar na ukun, kuma in ciniki ya yi kyau nasa ma ya yi kyau. Da wannan 'yar ribar Baba ya sayi shagon, ya yi wa 'ya'yansa karatu, ya aurar da su, a hankali ba gaggawa. Mutane suka sa masa Baba Sauƙi har sunansa na yanka ya ɓace. Yana son sunan nan ƙwarai. Ba ya faɗa, amma in aka kira shi da shi har bayansa yakan ɗan miƙe.

Ni kuwa ba shiri na shigo sana'ar. Maigidana direban babbar mota ne, ya faɗo daga saman kaya ya bugu a baya, ya kwanta. Ga yara uku, ga makaranta, ga magani. Na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnena, na kama hayar shagon, don shi ne kusa da gida inda zan riƙa leƙawa in juya mara lafiya in ba shi ruwa. Yayana ya haɗa ni da wani dillalin ƙwai. Na ga Baba a tsallake, ba makauniya ba ce ni, amma na ce layin babba ne, ga masu shayi, ga gidajen abinci, bakin da ke cin ƙwai a nan ai ya ishi mutum biyu.

Ashe ban san inda na sa kaina ba. Baba daga gona yake sarowa kai tsaye, mota guda, ni kuwa daga hannun dillali, kiret kaɗan, kuma in biya kuɗin kawowa. Kuɗin da nake saye kusan shi ne kuɗin da yake sayarwa. In na sayar kamar yadda yake sayarwa, na yi aikin banza har da ciko daga aljihuna. In na ɗora abin da zai fitar da ni, mutum ya tambaya, ya yi ɗan murmushi, ya tsallaka titi ina kallonsa. Ƙwai kuma ba shinkafa ba ne da za ka jibge ka jira kasuwa. In ya yi kwantai a zafi, hancinka ne zai fara gaya maka. Na sha ɗaukar kiret in zagaya bayan shago in zubar, ina ji kamar keken ɗinkina nake fasawa.

Ana cikin haka mai shagon ya zo. Mutumin kirki ne daidai gwargwado, amma ba ɗan'uwana ba ne. Ya ce akwai wani mai gyaran waya da ke son wurin, in hayata ta ƙare ban sabunta ba, in yi haƙuri in kwashe kayana. 'Yan watanni suka rage. In shagon ya tafi jarin ya tafi, kuma ba ni da sauran abin sayarwa a ɗaki.

Abin da ya tunzura ni wata mata ce. Ta tambayi kuɗin kiret, na faɗa mata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ba kya tsoron Allah? Ki dubi Baba Sauƙi mana, ki koyi kasuwanci." A safiyar nan na zubar da ruɓaɓɓen ƙwai, warinsa bai ma bar hannuna ba. Na cika fam. Ko ƙofa ban ja ba na tsallaka titi.

"Baba, ina kwana. Wurinka na zo, kuma ba saye na zo yi ba."

Ya ɗago daga kan kiret ya ce, "Lafiya, 'yata?"

"Ina fa lafiya? Kana kashe ni a tsaye kana tambayata lafiya?"

Dogo ya tsaya cak da kaya a hannu. Masu saye suka juyo.

"Ni? Me na yi miki? Ni tunda nake ban taɓa cin haƙƙin kowa ba."

"Na sani, duk gari ya sani, har kunnena ya gaji da ji. Baba, shagon nan naka ne, nawa na haya ne. 'Ya'yanka sun girma suna ci da kansu, nawa ƙaraminsu ko takalmi bai iya sawa daidai ba. Kai gona kake zuwa, ni dillali ke yankata. Ƙwai uku sun ishe ka, Allah ya ƙara albarka. Ni ukun nan ko haya ba za su biya mini ba. Kai ana yabonka, ni ana ce mini azzaluma. Sauƙin nan da kake yi wa mutane, ka taɓa tambayar wa yake biyansa? To ni ce nake biya!"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "To so kike in cuci mutane don ki ji daɗi?"

"Ban ce ka cuci kowa ba. Cewa na yi ni ma mutum ce."

Na juya na koma shagona. Da na gaya wa maigidana, ya ce na yi wa sa'an ubana rashin kunya a gaban jama'a. Na ce masa rashin kunyar ce kaɗai ta rage mini a jari.

Bayan kwana biyu ina zaune ina korar ƙuda sai ga Baba ya tsallako. Bai taɓa taka shagona ba. Ya yi sallama, ya zauna a kan kujerar roba, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya girgiza a gefen kunnensa ya mayar. Sannan ya shiga tambaya: nawa dillali ke ba ni, nawa nake biyan mota, nawa ne haya, nawa ke lalacewa. Da farko ina amsawa a daƙile, da na ga da gaske yake sai na zazzage masa komai, har da zancen mai gyaran waya.

"Ni duk zatona," ya ce, "riba a sama kawai take da iyaka. Shekara da shekaru ina tsaron kada ta yi yawa. Ban taɓa tunanin in ta yi kaɗan ma za ta iya danne wani ba."

Ya tashi ya tafi, bai yi mini alkawarin komai ba. Washegari da safe na ji hayaniya a tsallake. Baba Sauƙi ya ƙara kuɗin ƙwai, ya kai shi daidai da nawa.

Ai sai layi ya ɗauka. Wasu suka ce tsufa ya zo masa da kwaɗayi, wasu suka ce dama can lamɓo yake yi. Kafin yamma an sauya masa suna, yara na wucewa suna cewa Baba Tsada. Wanda ya fi kowa jin zafi shi ne mai shayin kwanar layinmu, abokinsa tun zamanin keke, wanda bai taɓa soya ƙwan wani ba sai nasa. Ya zo da robarsa, ya ji sabon kuɗi, ya ce, "Kai ma? Har kai?" Baba ya ce, "Kasuwa ce." Mai shayi ya ce, "Kasuwa ce yau? To Allah ya ba da sa'a." Ya ɗauki robarsa ya tafi. Daga ranar ya koma hawa mota zuwa babbar kasuwa, in ya zo wucewa ta gaban shagon Baba sai ya kau da kai.

Ni kuwa ciniki ya fara buɗe mini. Tunda kuɗi ɗaya ne, mutanen ɓangarena suka daina wahalar tsallaka titi. Na fara sayar da kaya kafin su kwana biyu, wari ya bar shagon. Amma daɗin bai cika ba, don ina ganin bencin Baba da kullum yake cike da 'yan hira ya zama wayam. Mama ta same ni a bakin famfo ta ce, "Ke 'yar nan, me kika yi wa tsohona? Abinci ma sai na yi da gaske yake ci." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi yi mini ciwo.

Na je na ce wa Baba zan gaya wa mutane gaskiya. Ya ɗaga mini yatsa.

"Kul. In suka ji saboda ke ne, ke za su tsana, su ce kin zuga tsoho. Ni na ci sunan nan na ƙoshi, zan iya ɗaukar zagi. Ke in suka juya miki baya, shagonki ya tafi. Ki yi shiru ki yi cinikinki."

Sai kuma wata rigimar ta taso, wadda ta fi ba ni dariya yanzu. Kuɗin da ya hau kan ukunsa ya hana shi sukuni. Ya ƙulle shi a hankici ya kawo mini, wai in ƙara a haya. Na ce, "Baba, faɗa na je yi a shagonka, ban je bara ba. Mayar da kayanka." Ya ce, "Ai ba nawa ba ne, ya wuce ukuna." Na ce, "Ni ma ba nawa ba ne." Muka tsaya muna tura wa juna hankici a kan kiret. Dogo da ke bakin ƙofa ya ce, "To ku ba ni mana in raba ku da wahala." Baba ya harare shi ya ce, "Kai ka karɓi naka. Wannan na masu saye ne, daga aljihunsu ya fito, kuma sai ya nemi hanyar komawa."

Hanyar da ya samo ita ce ya sa ni a motar da ke kawo masa kaya, muka je gona. Mai gonar ya ce shi ba shi da rarar ƙwai, duk abin da kajinsa ke yi da masu shi. Baba ya ce, "To ka yanka a cikin nawa ka ba ta." Mai gona ya dube shi ya ce, "Kishiyar sana'arka ce fa, Baba." Ya ce, "Maƙwabciyata ce." Haka na rabu da dillali. Kuɗin hankicin nan kuma aka mai da shi kuɗin mota da na dakon shaguna biyu, Dogo ya riƙa sauke nawa ya sauke nasa, kasonsa ya ƙaru, har ya fara kirana uwar ɗakinsa ta tsallake. Na yarda da wannan ne bisa sharaɗin in na tsaya da ƙafata zan riƙa biyan rabina, kuma na cika.

Da kuɗin sarina ya sauka, sai muka zauna a bencinsa muka sauke farashi tare. Bai koma yadda yake a da ba, don hayata tana ciki, amma ya sauko sosai. Tun daga nan ba wanda ke taɓa farashi a cikinmu sai ya tsallaka ya gaya wa ɗaya. Mun sha musu. Shi kullum yana ja ƙasa, ni ina tuna masa cewa yara suna cin abinci. Wani lokaci ya fi ni gaskiya, wani lokaci na fi shi, ba na ce kullum muna rabuwa da dariya ba. Har yau haka muke yi, sai dai yanzu idonsa ya yi rauni, Dogo ne ke riƙe da shagon, shi kuma yana zaune a benci yana sa baki a abin da ba a tambaye shi ba. Wasu daga cikin tsofaffin masu sayensa ba su taɓa dawowa ba, kuma akwai masu ce masa Baba Tsada har gobe. Wannan asarar saboda ni ya yi ta, ina sane, kuma ba ni da abin da zan biya shi.

Ranar da mai shagon ya dawo, na miƙa masa hayarsa cif, daga cinikina, ba aro ba roƙo. Ya ce zai ba mai gyaran waya haƙuri. Yana fita na zauna a kan kujera. Na yi kuka mai isata. Da na share fuska sai na ga tunda shagon ya tsira, dalilin yin shiru ya ƙare. Na tashi na nufi kwanar layi, wurin mai shayi.

Na tarar da mai shayi yana kaɗa ƙwai a kofi. Na ce, "Kawu, magana na kawo maka." Na gaya masa komai, tun daga ranar da na je na yi wa Baba tijara har zuwa hayar da na biya ɗazu. Ya zuba ƙwan a kasko, ya tsaya yana kallonsa har gefen ya fara ƙonewa.

"Wato saboda ke ne nake ta jigila zuwa babbar kasuwa da tsufana?"

"Saboda ni ne, Kawu."

"Shi kuma wane irin mutum ya ɗauke ni? Da ya ce mini ga yarinya da miji a kwance, ƙin biya zan yi? Ni?"

Ya kashe wuta, ya bar mai jiran shayi da baki buɗe, ya nufi shagon Baba da cokalin suya a hannu. Na bi shi a baya. Tun daga nesa ya fara.

"Kai tsohon banza! Shekarun da muka yi tare, ka rasa wanda za ka ɓoye wa magana sai ni? Ka bar ni ina zaginka a gaban masu shan shayi, ina ɗaukar alhaki a banza?"

Baba ya leƙo ta bayansa ya hango ni.

"Ke, ba na hana ki ba?"

"Ka hana, Baba. Ban ji ba ne."

Mai shayi ya ce, "Rabu da ita, ta fi ka hankali. Matsa in zauna." Ya ture shi ya zauna a benci, yana huci. Can ya ce a ba shi kiret biyu. Baba ya yunƙura zai tashi, mai shayi ya riƙe masa riga. "Ba naka ba. Kai ban gama fushi da kai ba. Na 'yarka zan saya."

Baba ya koma ya zauna. Ya cire hularsa ya shafa fuska da ita, ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke, idanunsa sun yi ja, ya ce mini, "Je ki ba shi. Ki zaɓa masa ƙanana, bakinsa ya yi yawa."

Na tsallaka titi na shiga shagon da ɗazu ya sake zama nawa. Na zaɓi manya, ina jiyo tsofaffin nan biyu suna ta zagin juna a kan benci ɗaya.